Mai Jan Baƙin da Ya Tafi Neman Aikin Rediyo

Bana shekara bakwai ke nan da aka fitar da Yaya Ɗalhatu daga zauren gidanmu na Ƙofar Galadima a Zariya zuwa makwancinsa. Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, ni ke bi masa. Mutane da yawa sun san muryarsa ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Ni kuwa a gabana muryar ta fita daga zaure ta shiga rediyo, kuma har yau in na tuna yadda aka yi, sai in ajiye abin da ke hannuna in yi tasbihi.

Mahaifinmu, wanda duk muke kira Malam, yakan yi tafsiri kowane azumi a masallacin unguwa. Tun Yaya bai fara gemu ba shi ke ja masa baƙi: ya karanta aya, ya yi shiru, Malam ya fassara, sannan ya ja ta gaba. Muryarsa mai faɗi ce, mai sanyi, mu mata muna aikin buɗa-baki muna jin ta ta kan katanga. Amma zuciyarsa tana wajen rediyo. Yana koyarwa a firamare, in ya taso sai ya shigo madafa ya ɗauki ludayi ya kai baki, ya karanta mana labaran duniya na ƙarya, har da farashin daddawa.

Malam bai so ba. A wurinsa gidan rediyo wurin kalangu ne da surutu. Sai da aka yi shekaru ana turo masa manya, sannan wata rana a cikin Sha'aban ya kira mu mu biyu.

"Ka je ka nema," in ji shi. "In watan azumi ya kama ba ka samu ba, maganar ta mutu, kada in sake jin ta. Ke kuma Dije, ki bi shi. Abin da idonki ya gani za ki faɗa mini, ba abin da ya ce ki faɗa ba."

Lokacin ban daɗe da tarewa a Kwarbai ba. Maigidana ya yarda, har ya ba mu aron tsohuwar Fijo ɗinsa, wadda sai an tura take tashi da safe.

A Kaduna ko gwaji ba a yi masa ba. Masu neman aiki sun cika gindin bishiya, kowa da ambulan a hammata, aka fito aka ba su haƙuri gaba ɗaya. Muka kwana gidan gwaggonmu, da safe muka nufi Jos. Titin nan na Zariya zuwa Kaduna da muka bi muna kauce wa tireloli da salati, yanzu an mayar da shi tagwaye. Da Yaya ya gani, na san sai ya ce an rage wa matafiya zikiri.

Ni ban taɓa wuce Kaduna ba. Da muka fara hawa tudun Jos kunnena ya toshe, sanyi ya shigo mota, sai ga duwatsu an jera su wani kan wani, babba a kan ƙarami, ba abin da ya riƙe shi. Yaya ya tsayar da mota, muka fito muka tsaya a gefen titi muna kallo kamar ba ’yan birni ba.

"Dije, wa ya ɗora wannan?"

Na ce, "Wanda ya ɗaga sama ba ginshiƙi."

Ya sake duban duwatsun, sannan ya ce in tura mota.

A Jos aka yarda a gwada shi, aka kuma bar ni na tsaya ta bayan gilashi. Ban taɓa shiga ɗaki irin wannan ba. Ƙofarsa ta fi kaurin katifa, bangon duk an lulluɓe shi, in aka rufe har bugun zuciyarka kana ji. Na riƙa kallon ɗan ƙarfen da za a yi magana a cikinsa, ina mamakin wai daga nan murya ke tashi ta sauka a madafar mace a wani ƙauye da ko titi ba shi da shi. Jar fitila ta kama, Yaya ya fara karanta labarai. Ya karanta jimlar farko, muryar nan ta cika ɗakin, har mai kula da na'ura ya ɗago kai. Sai Yaya ya yi shiru. Mutumin ya ɗaga masa hannu, ya karanta ta biyu, ya sake yin shiru, kansa a sunkuye. Haka har ƙarshen takardar.

Da ya fito mutumin ya ce, "Malam, muryar akwai ta. Amma wa kake jira?"

Yaya ya dafe kai. "Wallahi jira nake Malam ya fassara."

Suka yi dariya har da hawaye, suka raka mu mota da mutunci, amma aiki babu.

Saura Bauci, kuma Sha'aban ya kusa ƙarewa. A hanya na sayi jarida. Ina karanto masa jimla yana maimaitawa, da ya ja numfashi zai tsaya sai in bugi gaban mota in ce, "Alaramma, ci gaba, gwamna ba aya ba ne!" Yana dariya, amma na ga yadda ya damƙe sitiyari. Can ya ce, "Dije, in na koma hannu banza, ki bar ni in riga ki shiga wurin Malam." Na juya ina kallon gonaki don kada ya ga idona.

A Bauci wata Hajiya ce mai kula da shirye-shirye, dattijuwa mai farin tabarau. Ta ba shi labarai, ya karanta a guje kamar ana binsa da bulala, bai tsaya ko sau ɗaya ba, kuma duk daɗin muryar ya tafi. Hajiya ta miƙa masa wasu takardu, ta ce sanarwar rasuwa ce ta watan jiya, ya gwada.

Ya duba su, ya ce, "Hajiya, waɗannan da gaske sun rasu?"

"Da gaske mana. Mu ba ma kashe mutum don gwaji."

Fitila ta kama. Ya karanta sunan farko, da garinsu, da ’ya’yan da ya bari, sai ya yi shiru. Na ce a raina shi ke nan, duk bugun motar da na yi ya tafi a banza. Sai na ji motsi kusa da ni. Mai kula da na'ura ne, hannunsa a kan maɓalli, leɓɓansa suna cewa Allah ya jiƙansa. A suna na biyu Hajiya ma ta shiga addu'ar. A na uku na ji bakina yana faɗa ba tare da na yi niyya ba. Mutanen da ba mu sani ba, waɗanda aka daɗe da binnewa, ga mu tsaye a bayan gilashi muna yi musu addu'a ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ce mu yi. A sannan na gane shirun da na kwana biyu ina yaƙi da shi wuri ne yake bar wa mai saurare.

Hajiya ta cire tabarau ta goge. "Labarai dai ba naka ba ne, kada ma ka sa rai. Amma sanarwa da shirin Juma'a, in kana so, ka zo bayan Salla."

Ana gobe za a fara duban wata muka shigo birni. Malam yana zaure, bai ko dubi Yaya ba.

"Dije, me kika gani?"

Na faɗa masa duka. Na ce na ga makaɗa zaune a baranda da kalangunsu suna jiran a kira su. Na ga mata ba mayafi suna shan lemo da maza. Yaya yana gefe yana zufa. Sannan na faɗa masa abin da ya faru a bayan gilashi, da yadda bakina ya motsa da kansa. Malam ya ja carbi har na ɗauka ya manta da mu. Sannan ya juya wajen Yaya.

"Azumin bana kai za ka ja mini. Bayan Salla ka tafi. Amma kada ka bari su koya maka sauri."

Yanzu nakan kunna rediyo ina tsintar shinkafa, in ji an karanto sunan mamaci tsakanin tallar sabulu da ta maganin sauro, kafin ka ce amin an wuce. Ba na zargin yaran da ke karantawa, lokaci aka ƙayyade musu. Yaya ma ba na jin zai yi faɗa. Ba halinsa ba ne. Zai dai kira ɗaya daga cikinsu gefe ya tambaye shi ko ya san mutumin yana da uwa.

Da ya rasu, bayan gajeriyar jinya a nan gida, na roƙi abokan aikinsa ko da kaset ɗaya na muryarsa. Suka ce faifan da ake ɗauka a kai, ana gamawa ake ɗora wani shirin. ’Ya’yansa ƙanana ba za su san yadda take ba, kuma wannan yana yi mini ciwo har yau.

Amma a cikin masu ta'aziyyar akwai Hajiyar nan ta Bauci, ta tsufa, da sanda ta shigo ɗakin Innarmu. Ita ta ba mu labarin wani tsoho da ya taɓa zuwa daga ƙauye da sanarwar rasuwar matarsa. Aka ce masa Malam Ɗalhatu ya tafi hutu Zariya, amma akwai mai karantawa yau ɗin nan. Tsohon ya mayar da takardarsa aljihu, ya ce zai dawo.

"Ai ta riga ta tafi," in ji shi, "ba sauri take yi ba. A bari mai tsaya mata ya zo."

Allah ya jiƙan Yaya Ɗalhatu, ya jiƙan Malam, ya jiƙan matar tsohon nan.