Hannun Hagun Iya

Shekara goma sha tara Iya tana share ajin 'yan raino a makarantar nan, tana goge majina, tana ɗaure igiyar takalmi, ba wanda ya taɓa miƙa mata alli. Ita ma ba ta taɓa nema ba. Bahaguwa ce tun haihuwa, kuma tana aji ɗaya malaminsu ya yi ta sauke mata rula a bayan hannu har ta tsani allo, ta bar makaranta ko sunanta ba ta iya rubutawa ba. Har ta tsufa, in za ta karɓi abu sai ta tura hagun cikin zani, kamar wadda ta ɗauko kayan wani.

To, a zangon ƙarshe Malamar ajin ta kawo darasin fuskar dariya, irin rawayar nan ta cikin waya mai hawaye biyu. Ga yara wasa ne, amma Shugabar makaranta ta riga ta yanke: duk wanda ya kasa rufe da'ira ba zai shiga firamare ba, sai ya maimaita. Yara ashirin da uku suka rufe tasu. Saura wata mitsitsiya da ake kira 'Yar Firit. Tata da'irar takan taso lafiya lau, sai ta ɓace a hanya, bakin nan biyu su ƙi haɗuwa. Malama ta kama hannunta ta juya, ta juya, har ta gaji. Yarinya ta daina ma kuka, sai dai ta ƙura wa takarda ido.

Iya kuwa ta daɗe da ganowa. Wa ke ba yaran nan ruwa in ba ita ba? Kullum 'Yar Firit da hagu take kai wa kofi cafka, sai ta tuna, ta yi maza ta sauya. Abin ya tsaya wa Iya a rai, ga kuma tsoron a ce mai shara ta shiga aikin da ba nata ba.

Ranar Laraba da aka fita hutun tara, ta jingine tsintsiya.

"Zo nan, 'yata. Wane hannu ne ba ya yi miki gardama?"

Yarinyar ta waiga ƙofa, sannan ta ɗaga hagu kaɗan. "Mama ta ce babu kyau."

"Wajen cin abinci ki bi maganar Mama. Wannan zane ne. Duba ki gani."

Iya ta fito da nata hagun, ta riƙe fensir. Shekara hamsin rabonta da shi. Ta zagaya sau ɗaya, da'ira ta rufe ruf. Ta lanƙwasa mata idanu biyu, ta wangale mata baki, ta ɗiga mata hawaye nan da nan. 'Yar Firit ta karɓa. Ta farko ta fito kamar dankali, amma fa ta rufe. Ta huɗu kuwa, wallahi ko ta cikin wayar albarka.

Suna cikin ta shida Malama ta shigo. Ta tsaya a kansu.

"Iya, wa ya zana waɗannan?"

Iya ba ta mayar da hannun cikin zani ba. "Ita ta zana, Malama. Ni na koya mata. Da hagu."

Malama ta ɗauki takardar ta daɗe tana dubawa. "Mako uku ina murɗa hannun da ba shi ba," in ji ta. "Ke kuma kina nan kina kallona."

"Ai ba a tambaye ni ba."

Ranar da aka raba sakamako, farfajiya cike da iyaye, 'Yar Firit ta wuce firamare. Ta ƙwace daga hannun uwarta, ta sheƙo a guje da takardar fuskar nan, an shafe ta da rawaya har wajen da'irar, ta miƙo wa Iya. Daɗi ya cika Iya. Ta miƙe tsaye, ta goge tafinta a zani, ta karɓa da hagu a gaban kowa.