Ƙarafa Shida a Hancin Tarakta

Dogo ya yi shekara goma sha tara yana tuƙa taraktar wasu kafin Allah ya ba shi tasa. 'Yar ƙarama ce, ja, ta hannu, in ka tsaya kusa da ita hancinta bai wuce ƙirjinka ba. Ranar da ya shigo da ita gida, ƙanensa ya zagaye ta sau biyu yana shafa ta, ya ce, "Yaya, wannan kam sai mun nema mata mai shayarwa."

Ƙanen nan Turmi ake ce masa, don gajere ne kakkaura, in ya zauna a benci sai ɗaya gefen ya ɗaga. Su biyu kaɗai suka rayu cikin 'ya'yan Inna. Gida ɗaya suke, ɗakunansu na kallon juna, ɗakin Inna a tsakiya. Dogo ba ya magana sai ta kama, Turmi kuwa ko da abinci a bakinsa sai ya ba da labari. Haka suka raba aikin: Turmi ke bin masu gonaki ya ƙulla ciniki, Dogo ke riƙe sitiyari.

Injin taraktar lafiya lau yake, nauyi ne ba ta da shi. Da ta shiga ƙasa mai laka sai tayoyin baya su yi ta juyawa wuri ɗaya, suna haƙa rami suna watso taɓo. In kuma aka ɗaga garma a baya za a hau tudu, sai gabanta ya yi sama, sitiyari ya zama abin wasa a hannu. Bakanike ya duba ya ce, "Ƙarfi gare ta, ƙasa ce ba ta kamawa. Ka ɗura wa tayoyin baya ruwa, gaba kuma ka rataya mata ƙarfe."

Na ruwan, a ranar Dogo ya yi shi. Ya ɗaga taya da jak, ya juyo bakin bawul sama, ya ɗura ruwa har ya kai kashi uku cikin huɗu, ya cike sauran da iska. Washegari taraktar ta shiga laka ta fito kamar ba ita ba. Na ƙarfen kuma ya je wajen mai walda, aka auna gabanta, ya zaɓi wani faffaɗan ƙarfe mai kauri da za a yanka gida shida, da maƙalin da za a rataya su. Ya biya. Mai walda ya ce ya dawo ran Alhamis.

Ran Laraba ruwa ya sauka, irin wanda kowa ke jira, kowane mai gona kuma yana son a fara da tasa. Da suka zo gindin tudun farko gaban taraktar ya fara rawa, Turmi ya tattare rigarsa ya haye, ya zauna daram a kan bamba, ƙarfen nan da ke kare gabanta, ya jingina bayansa da hancinta.

Dogo ya ce, "Sauka."

"Yaya, wane ƙarfe ne ya fi ni nauyi? Ga shi ba walda, ba noti."

"Na ce ka sauka."

"Tudun nan kawai. Ja mu je, mutane na jira."

Ya ja. Tayoyin gaba suka kama ƙasa, taraktar ta haye sumul, Turmi yana ɗaga wa mutanen hanya hannu. Tudun nan kawai ya zama kwana goma sha bakwai. Sau biyu mai walda yana aiko cewa kaya sun haɗu, amma zuwa shagonsa da ɗaurawa rabin yini ne, rabin yini kuwa gona biyu ce. Kullum Dogo sai ya ce in an ɗan sarara.

Rana ta goma sha bakwai, da la'asar, sun gama wata gona a kwari suna hawowa. Ruwa ya yanke hanyar ya bar ɗan kwazazzabo, bai fi zurfin gwiwa ba. Turmi ya waiwayo yana dariya yana faɗin wani abu, ya saki hannu ɗaya yana nuni, ƙarar inji ta hana Dogo ji. Tayar gaba ta faɗa ramin, gaban ya yi tsalle. Sai Dogo ya ga babu kowa a kan bamba. Ya taka birki da duk ƙarfinsa, amma ya riga ya ji tayar baya ta hagu ta hau wani abu ta sauka, tayar da shi da hannunsa ya cika da ruwa.

Ya same shi kwance a rigingine, idonsa biyu, babu jini ko ɗigo. Turmi ya dube shi, numfashi na yi masa wuya, ya ce, "Yaya, kashe injin, mai yake sha." Mai gonar ya kawo mota aka ɗauke shi. Kansa na kan cinyar Dogo ya cika, ba su kai rabin hanyar asibiti ba.

Babu wanda ya ɗora wa Dogo laifi. Kowa ya zo sai ya ce kwana ne ya ƙare, shi kuma ya ce haka ne. Da ma wani ya zage shi, da ya fi masa sauƙi. Inna ta dafa kansa ta ce, "Ka ci abinci." Matar Turmi ta zauna a ɗaki da 'ya'yanta mata biyu, babbar shekararta shida, ƙaramar tana goye.

Kwana tara da rasuwar, sai ga mai walda a ƙofar gida da baro, yana share gumi. Labari bai kai masa ba. Ya ce, "Na gaji da tuntuɓe da kayan nan, shi ya sa na kawo da kaina. Ina mutumina mai surutu?" Sai ya ga tabarmi a shimfiɗe da fuskokin mutane, ya cire hularsa ya rasa inda zai sa ta. Dogo ya miƙe ya nufi baron. Ya ɗauki ƙarafan ɗaya bayan ɗaya ya shigar da su, ya jera a bayan ɗaki.

Ya yi niyyar sayar da taraktar, har mai saye ya zo ya gani. Matar Turmi ce ta fito ta durƙusa nesa kaɗan ta ce, "Yaya, in ka sayar, da me za ka riƙe mu? Shi ya tafi. Yaran nan suna nan." Sannan ta ce, "An ce yana magana lokacin da ya faɗi. Me yake cewa?"

Dogo ya ce, "Ban ji ba."

Ta jinjina kai ta koma ɗaki.

Da safe ya ɗaura maƙalin, noti huɗu ne, ya rataya ƙarafan shida ya zura musu sandar da ke riƙe su. Aikin duka bai kai minti arba'in ba. Ya ɗauki garma ya bi ta tudun nan, taraktar ta haye ko gezau gabanta bai yi ba. A saman tudun ya tsaya, ya kifa kansa a sitiyari ya yi kukan da bai yi ba ranar da aka binne ƙanensa.

Ya ci gaba da noma, ya riƙe gidan duka. Ya koyi zuba kankare a rabin jarka da guntun rodi a ciki, don waɗanda ƙarfe ya fi ƙarfinsu, yana ba masu ƙananan taraktoci su rataya a gaba don nauyi. In ya ga mutum zaune a gaban tarakta a hanya, sai ya gindaya tasa ya tare su. Wasu su sauka, wasu su ce tsoho ya fara taɓuwa. Inna kuwa, da can in ta ji ƙarar taraktar takan fito ƙofa da ruwan sha. Tun daga ranar, da ta jiyo ta sai ta shige ɗaki ta saki labule. Ba ta taɓa faɗin dalili ba, shi ma bai tambaya ba, har ta rasu bayan shekara huɗu.

Babbar 'yar Turmi ta tashi da sanin cewa haɗari ne ya kashe babanta, ba ta san fiye da haka ba. Tana shekara sha shida ta same shi yana wanke tacen iska a tsakar gida ta ce, "Baffa, wa ke tuƙi ranar?"

Ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya faɗa mata duka, har saƙon mai walda biyu da kwana goma sha bakwai, bai rage komai ba. Ta saurara har ya gama, ta tashi ta shiga ɗaki. Wata uku ba ta gaishe shi ba. In ya shigo ta fita, kwanon abincinsa ma ƙanwarta ke kawowa. Uwarta ta so ta yi mata faɗa, Dogo ya ce a ƙyale ta, tana da gaskiyarta.

Wata safiya yana ɗaure takalminsa zai fita, ya ga ƙafafunta a gabansa. Ta durƙusa, idonta a ƙasa, ta ce, "Baffa, ina kwana." Ya saki igiyar takalmin, ya ɗago ya dube ta. Ta ɗan jira, sannan ta ɗauki jakarta ta tafi makaranta.