Tarin 'Yata da Tururin Gishiri

'Yata ta fari ba ta taɓa yin wata guda cur ba tare da tari ba. A Gure na haife ta, shekarun da ake kwasar maza zuwa aikin hanyar Nasara. Tana ci kamar babba, amma ƙafafunta sai ka ce kara. In gumi ya bushe a wuyanta sai ya bar fari-fari, na taɓa lasa na ji gishiri. Majinar ƙirjinta kuwa kauri gare ta kamar ƙaro. Ta yi ta tari har idanunta su yi ja, majinar ba ta fita.

Da yake 'yar fari ce, bai kamata a ga damuwata ba. Sai zama ya gagare ni. In ɗauki tulu in nufi rijiya alhali randa cike take, in dawo in laɓe bakin ɗaki ina sauraron numfashinta. Wanzami ya yi mata ƙaho, malam ya ba da rubutu. Lokotoro, likitan bariki, ya ƙwanƙwasa bayanta, ya ba mu wani ruwa mai ɗaci. Zazzaɓi ya tafi, ya dawo.

Tana shekara biyar, da rani, muka bi mijina wani kwari wajen Bune inda danginsa ke dafa gishiri. Ta riƙa yini gefen murhu cikin tururi. A kwana na uku ta yi kaki, majina koriya ta fito guda-guda, da la'asar na gan ta tana bin awaki da gudu.

Wata tsohuwa mai tace ƙasar gishiri ta ce, "'Yar nan, iskar wurin ta karɓe ta. Ku bar mini ita."

Na ce, "Iya, in ruwa ya sauka ai ku ma kashe wuta kuke yi."



Da muka koma gida na riƙa tafasa ruwan gishiri ina lulluɓe ta da zane. Tarin yakan ɗan sassauta, amma ba kamar can ba. Rani biyu muka ƙara zuwa kwarin.

Da damina 'yar tawa ta rasu, ina gona. Uwar mijina ce ta zo da kanta, ta karɓi hauya daga hannuna, ta ce, "Zo mu tafi gida."