Waƙafan Kawu Begila

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, jim kaɗan bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Kawuna, yayan Ummata, wanda kowa ya sani da Kawu Begila. Ciwon ƙirjin da ya daɗe yana fama da shi ne ya tashi. Ina wanke kwanuka wayar Umma ta yi ƙara, na ji ta yi salati, na ji ludayin da ke hannunta ya faɗi. Tun kafin ta juyo na gane.

Kawu, kai nake rubuta wa, don a gabanka kullum bakina mutuwa yake yi. Kuma akwai maganar da na ɓoye maka.

Shekara talatin ka yi kana busa begila a cikin 'yan badujala, kana kuma tsara musu kiɗa. Da gara ta cinye takardunka a akwati, abin da ya tsira shi ne wanda ka riga ka zuba a tsohuwar kwamfutarka, kiɗa sittin da uku. Manhajar da ka rubuta su da ita masu ita sun daina yin ta, kuma babu wata da ke buɗe fayilolinta. Ita kanta kwamfutar batirinta ya mutu tuntuni, sai an danne bakin caja da yatsa take zama a kunne. Shi ya sa ka ce da Umma ta ba ka ni aro duk Asabar, mu kwashe su zuwa sabuwar manhaja kafin tsohuwar kwamfutar ta cika.

Tun ranar farko ka raɗa min Sakatariya. Kai kaɗai ne ba ka taɓa cewa in ɗaga murya ba. In na yi magana ƙasa-ƙasa sai ka matso da kunnenka, ka ce mai kiɗan kirki da jin ƙaramin sauti ake gane shi. Ka taɓa kama ni da littafin soyayya a cikin littafin lissafi. Na zaci Umma za ta ji, sai kawai ka tambaye ni, "To, ya aure ta ko har yanzu yana tsaye a ruwan sama?"

Aikin ba wuya a ido. In buɗe kiɗa a tsohuwar, in fitar da shi a irin fayil ɗin da kowace manhaja ke karantawa, in sa a filas, in buɗe a kwamfutar Umma. Amma ka ce wannan fayil ɗin tafinta ne mai gaggawa, yana kai saƙo yana zubar da wani a hanya. Ɗige-ɗigen kiɗan duk suna isowa lafiya a kan layukansu biyar. Abin da ba ya isowa shi ne ɗan waƙafin da kake sawa a saman layi, alamar inda mai busa zai ja numfashi. Ko ɗaya ba ya tsallakowa. Sai na jera kwamfutocin biyu, in bi gaɓa bayan gaɓa, in mayar da kowane waƙafi da hannu, kai kuma kana gefe ka danne cajar da babban yatsa.

Na taɓa tambayarka ko dole ne. Ka ba ni labarin wani ƙaton abokin aikinka mai busa babban ƙaho, da aka ba shi takarda babu waƙafi ko ɗaya, ya yi ta busa har ya zube a tsakiyar fareti. Ka ce, "Wanda ya rubuta takardar nan bai taɓa busa komai ba a duniya sai shayi." Na yi dariya har na rufe fuska. Sannan ka daina dariya ka ce, "Mai rubuta kiɗa ran mai busa ne a hannunsa, Sakatariya."

Ga abin da na ɓoye. Da jikinka ya yi nauyi ka koma kwanciya a ɗaki, ka bar ni ni kaɗai a falo na ɗaure cajar da roba. Kiɗa goma sha tara na ƙarshe ban mayar musu da waƙafi ba. Na juya su kawai, na rufe tsohuwar, na ci gaba da karatun littafina a waya. Kana tambaya daga ɗaki, "An bi gaɓa-gaɓa?" ina cewa an bi. Na ce a raina zan gyara wata Asabar. Na ɗauka Asabar ba ta ƙarewa.

Tun ranar rasuwarka abinci ba ya wuce min. Abokan aikinka da suka zo gaisuwa sun roƙi Anti, matarka, ta ba su filas ɗin don su koyar da masu tasowa. Ɗanka, Yaya, ya ce zai kai tsohuwar kwamfutar wurin mai gyara a goge komai a zuba mata sababbin manhajoji. Ina zaune a bayan ƙofa ina ji. In aka goge ta, babu sauran inda waƙafan nan suke a duniya, kuma ni ban san inda mai busa ke gajiya ba. Sau uku ina zuwa gaban Anti, in gaishe ta, in kasa, in tashi.

Jiya na faɗa mata, kaina a ƙasa. Na fara kuka. Sai ta ce, "Ke 'yar nan, ai ya sani. Ranar da ya sa na kai masa kwamfutar Ummanki gado, ya duba ya ce Sakatariya ta hana mutanensa numfashi. Na ce zan yi miki faɗa, ya ce in bar ki, za ki faɗa da bakinki." Ban san wanne ya fi min ciwo ba, ƙaryar ko jiran da ka yi.

Anti ta hana Yaya taɓa kwamfutar. Yau da safe muka kunna ta. Robar ta daina riƙewa, don haka Anti ce ta zauna a kujerarka ta danne cajar da yatsa. Wani baƙin layi ya fito a gefen allon, yana ƙara faɗi. Sau biyu tana mutuwa, kowane karo sai mu zuba mata ido har ta sake haske. Mun gama bakwai. Saura goma sha biyu, kuma ban sani ba ko za ta kai mu. Na daina saurin da ya cuce ni. Duk waƙafin da na gani sai na rubuta lambar gaɓarsa a takarda tukuna, ko da za ta mutu a hannuna. Da yatsan Anti ya ƙage na ce mu huta, ta ce, "Ci gaba, shi ma haka ya riƙe miki."

Ka yafe min, Kawu. Na faɗa da bakina, sai dai na makara.

Ya Allah, Ka ji ƙan bawanKa, Ka yafe masa kurakuransa kamar yadda ya rufa asirin nawa. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Anti, da Yaya, da Ummata da ta rasa yayanta, da abokan busarsa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya sa mu cika da imani. Wanda duk ya karanta wannan, ya yi wa Kawu addu'a, ya kuma roƙa mana Allah Ya ja kwanan tsohuwar kwamfutar nan har mu kai waƙafi na ƙarshe. Amin.