Wayar da Ta San Wanda Baba Zai Zaɓa

A gidanmu na Ƙofar Kware abu biyu ne ba a tambayar Baba: shekarunsa da kuma wanda ya zaɓa. Na farkon ma da sauƙi, in an matsa masa yakan ce shekarar fara aka haife shi, mai son lissafi ya je ya yi. Na biyun kuwa ko za ka kwana kana roƙo, murmushi kawai za ka samu.

Baba ɗan kasuwa ne. Atamfa da shadda da leshi yake sayarwa a babbar kasuwa, a shagon da ya gada wurin mahaifinsa. Ƙa'idarsa guda ce, mai sayar da zane ba shi da jam'iyya. Lokacin zaɓe shi ne kakarsa: matan wannan ɓangare su zo da hantsi su ɗauki ankon taro, na wancan su zo da yamma, kowa ya sallame su da addu'a iri ɗaya, Allah ya ba mai rabo sa'a. Saboda babu wanda ya san inda ya karkata, duk rigimar da ta tashi a layin 'yan atamfa gabansa ake kawo ta, musamman in siyasa ta shiga ciki. Bai taɓa faɗa ba, amma na san wannan ya fi shagon kansa daraja a wurinsa.

Muna yara babu dabarar da ba mu yi ba. Ranar zaɓe ya dawo da tawada a babban yatsa, mu kewaye shi, yayana ya karkace kai ya ce, "Baba, sama ka dangwala ko ƙasa?" Sai ya ɗaga yatsan ya ce, "Ga wanda yay yi aikin nan, ku tambaye shi." In muka koma wurin Inna, mahaifiyarmu, ta ce mu tashi mu ba ta wuri. Haka muka girma da yaƙinin cewa ita ma a duhu take.

Ni ce na saya masa babbar waya, bayan na yi aure na koma Mabera. Masu kawo masa kaya sun daina zuwa da ƙyallen gwaji, hoto suke turowa, shi kuma ƙaramar wayarsa mai madannai ban da kira da tocila ba ta san komai ba. Na zauna na koya masa shafawa, na buɗe masa shafi a wani dandalin sada zumunta da duniya ke taruwa a kai. Da na nuna masa alamar babban yatsa da ake dannawa a ƙarƙashin hoto, ya tambaye ni amfaninta. Na ce ai nuna wa mutum ake yi an ga abinsa an ji daɗi.

Shi ke nan, na jawo wa kaina aiki. Baba mutum ne da ba ya barin sallama ta faɗi ƙasa. A wurinsa duk wanda ya saka abu a wayar gaishe shi ya yi, kuma rashin tarbiyya ne a wuce ba a amsa ba. Hoton ango, yatsa. Mai tallan raguna, yatsa. Kyanwar wasu Turawa tana wasa da zare, yatsa har da "Allah shi raya". Na ce masa ba dole ba ne, ya dube ni yadda ake duban wanda ya shiga masallaci da takalmi. "Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "mutum shi yi maka sallama ka ƙyale shi? Ba haka munka tashi ba."

Wata rana ya tambayi wayar maganin ciwon gwiwa. Kafin mako ya zagayo, masu maganin gwiwa na duniya sun yi layi a cikinta, daga mai man shafawa har mai sandar dogarawa. Abin ya burge shi ƙwarai. Ya riƙa nuna wa baƙi yana cewa wannan aba ta fi 'ya'yansa tausayi, sau ɗaya ya yi mata kuka ba ta manta ba. Inna tana tankaɗe ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "Wanda duk yac cika gaishe ka, akwai abin da shika biɗa." Muka yi dariya muka ce Inna kishi take da waya.

Sai guguwar zaɓe ta taso. Manyan 'yan takara biyu ne a wannan karon, ɗaya dogo ɗaya gajere, kuma haka zan kira su. Baba ya ɗauki adalcinsa na kasuwa ya kai cikin waya. In ya ba dogo yatsa, sai ya yi ta shafawa har ya samo gajere ya ba shi nasa, kamar mai raba wa tagwaye alewa. Shi a ganinsa ya rufe kowace ƙofa.

Abin da bai sani ba, ni ma a lokacin ban damu in sani ba, shi ne wayar ba yatsa kaɗai take dubawa ba. Tana lura da inda mutum ya tsaya. Jawabin dogo yakan amsa masa sallama ya wuce. Na gajere kuwa yakan gyara tabarau ya saurara har ƙarshe, wani lokaci ya maimaita.

Sannu a hankali Baba ya fara canjawa. Mutumin da ban taɓa jin ya zagi ko akuya ba, sai ga shi yana tsaki shi kaɗai a zaure yana cewa waɗansu mutane ba su tsoron Allah. Wa ke nan, Baba? Sai ya sake zance. Maƙwabcin shagonsa, wani dattijo mai sayar da yadi wanda kowa ya san ɗan gani-kashe-nin dogo ne, sun shekara da shekaru suna cin abincin rana a kwano ɗaya. Baba ya fara cewa cikinsa ba daɗi, ya ja kwanonsa ciki. Na ɗauka tsufa ne.

Ranar da asiri ya tonu ina shagon, na je zaɓar atamfar suna. Sai ga wata Hajiya, tsohuwar mai cinikinsa, shugabar matan ɓangaren dogo a unguwarsu, mace mai jiki da muryar da ba ta bukatar lasifika. Anko take so na babban taro. Baba ya ce akwai sabon zane da ke hanya, ya buɗo hoton ya miƙa mata wayar da hannu biyu. Ta sa yatsanta mai lalle za ta ƙara girman hoton, ta shafa inda bai kamata ba.

Waƙar kamfen ɗin gajere ta ɓarke a shagon, da kiɗa da kirari. Hajiya ta yi dariya ta shafa don ta wuce. Gajere a kan mota yana ɗaga hannu. Ta shafa. Wani matashi yana ta surfa wa dogo zagi. Ta shafa, ta shafa, ta kuma shafawa. Ko hular dogo ba ta gani ba, sai inda ake yi masa ba'a.

"Alhaji!" ta ce, har da tafa hannu. "Ashe nan ka aje kanka? Shekara nawa muna zuba maka kuɗɗinmu, ashe ɗan gidan gajere na!"

"Hajiya, wallahi ban kira su ba," in ji Baba. "Zuwa sunka yi."

"To mi yas sa ba su zuwa tawa?"

Ta zaro tata wayar daga jaka ta shafa masa a gaban ido. Dogo da safe, dogo da rana, dogo yana shafa kan marayu. A cikin wayarta gajere ɓarawo ne da ya kusa gudu ya bar ƙasar. A cikin ta Baba dogo ne ɓarawon. Gari ɗaya, kasuwa ɗaya, shago ɗaya. Maƙwabcin nan mai yadi yana tsaye bakin ƙofa, waƙar ce ta kira shi. Ya dubi Baba ya koma shagonsa.

Ni dariya ta fara kama ni, gaskiya. Sai na dubi fuskar Baba, dariyar ta koma. Yana naɗe atamfar da take a naɗe, yana sake naɗe ta. Ban taɓa ganin kunya irin wannan a fuskar babba ba, kuma tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona. Hajiya ba ta da mugunta, ta sayi ankonta ta tafi tana dariya. Amma bakin da ba ya bukatar lasifika ba ya bukatar ɗan aike. Kafin la'asar labari ya kai ƙarshen layi, masu wucewa suna ɗaga wa Baba hannu irin yadda gajere ke yi.

Na bi shi gida. Yana zaune a tabarmarsa a tsakar gida, wayar a kife gefe guda, Inna tana dama masa fura kamar kullum.

"Uwata," ya ce, "wa yag gaya mata?"

Na yi masa bayani iya sanina. Na ce wasu manyan kamfanoni ne can ƙetare suke da dandalin. Ba sa karɓar ko sisi a hannunsa, amma suna tara duk abin da ya kalla da tsawon lokacin da ya tsaya a kai, har su san shi. Daga nan mai maganin gwiwa ya biya a kai tallansa gaban masu ciwon gwiwa, ɗan siyasa ma ya biya a kai nasa gaban waɗanda aka ga alamar za su saurara. Abin da ya riƙe ka kuma, shi za a yi ta ƙaro maka don kada ka tashi.

Ɗan kasuwar da ke cikinsa ya auna maganar. "Kenan ni a hajar," ya ce. "Tun ina yaro nike kasuwa, ba a taɓa cinikina ina zaune ba sai yau." Can kuma ya ƙara da wadda ta fi ciwo. "To hwaɗa min. Ni nas so mutumen ga tukuna tak kawo min shi, ko kawo min shi tay yi ta yi har nas so shi?"

 Har yau ina juya wannan tambaya a raina.

"Abin da ko uwarku ba ta sani ba," ya ce yana girgiza kai, "shi ƙarhe yas sani."

Inna ta ajiye ludayi. "Wa yac ce maka ban sani ba?"

Ni da Baba muka juya tare.

"Tun kahin a haihi wagga," ta nuna ni da haɓa, "ba a taɓa zaɓen da ban san naka ba. In anka hwaɗi sakamako naka yac ci, kakan shanye hurar ga tas, har ka ce ko akwai saura. In ya hwaɗi, rabi kaka bari ka ce nonon ya yi tsami. Nonon da ni nas saya, ni na san ba shi da tsami."

Baba ya dube ta. "Kuma ba ki taɓa hwaɗi ba?"

"In hwaɗa ma wa? Abin da ka ɓoye, ni in kai shi kasuwa?"

Ta miƙa masa ƙwaryar ta tashi ta shiga ɗaki, kamar ba ita ta yi maganar ba. Baba ya daɗe yana duban furar kafin ya sha. Ni kuma na tuna duk shekarun da muka yi muna bin yatsa mai tawada, alhali amsar tana gabanmu kullum da ludayi a ciki.

Washegari ya sa na goge masa dandalin. Wayar ta koma zaman aljihun tebur a shago, ba ta fitowa sai za a duba hoton zane. Da azahar ya ɗauki kwanonsa da kansa ya shiga shagon mai yadi, ban san abin da suka ce wa juna ba, na dai ji an ce sun ci tare. Ba'ar 'yan layi ta lafa bayan 'yan makonni. Amma da wata rigima ta tashi tsakanin 'yan kasuwa biyu masu bambancin jam'iyya, wurin wani dattijon aka kai ta. Baba ya ji labari, ya ci gaba da auna yadinsa. Wannan kam babu abin da zan goge ya dawo masa da shi.

Ranar zaɓe ya je ya dawo da tawadarsa. Ko ya bi inda wayar ta ce, ko ya juya don ya ƙure ta, Allah masani. Amma ni yanzu ina da dabara. Ranar da aka faɗi sakamako na bar aikina a Mabera na hau acaba, na iso daidai lokacin fura, na zauna inda zan ga komai, ina ta zuba hirar da ba ta da kai. Baba ya sha, ya sauke ƙwaryar daga bakinsa. Na miƙa wuya.

Kafin idona ya kai, Inna ta kifa faifai a kai. Ta ɗauki ƙwaryar a rufe, ta ratsa ta gabana ta shige madafa, ta jawo ƙofa.