Ranar da Yaya Ya Ce Sandar Ba Ta da Laifi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Janairu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, bayan gajeriyar jinya. Mutanen unguwa Mai Rediyo suke ce masa, ko da yake an daɗe rabon da a kawo masa rediyo gyara. Ni kuwa tun da na iya magana Yaya nake ce masa, shi kuma ya ce mini Auta, har furfura ta cim mana mu duka.

Yaya, masu zuwa gaisuwa kowa da alherin da yake tuna ka da shi. Wannan ya ce ka gyara masa fanka ka ƙi ko tsayawa godiya, wancan ya ce kai ka koya masa riƙe sukudireba. Ni nawa ya fi ƙarfin a faɗa a zaune a kan tabarma, shi ya sa na rubuta.

Lokacin da ɓarin jikina na dama ya shanye, ni tela ne da ba ya iya ɗaga almakashi. Likita ta ce sai na dinga motsa hannun kullum, ta ba ni wata ƙwallon roba in riƙa matsawa. Na jefa ta ƙarƙashin gado. Na daina fita, na daina amsa sallama, matata ta rasa yadda za ta yi da ni.

Sai ga ka wata safiya da ƙaton akwatin gem ɗin nan naka a bayan mota, wanda ka tsinto a mace shekarun baya ka tayar da shi, kake lallaɓa shi kamar jariri. Tsawonsa ya kusa kai mutum, ga allo a sama, ga maɓallai, ga sanda mai jan ƙwallo a kai wadda ake turawa hagu da dama a tuƙa ɗan jirgin da ke cikin allon. Ka ajiye shi a falona ka ce wurinka ya yi kaɗan. Na san ƙarya kake yi, kai ma ka san na sani.

Da na kasa tura sandar, sai ka ɗauko sukudireba. Ka buɗe murfin, ka cire sifirin ɗin da ke mayar da ita tsakiya, ka sa wani mai laushi wanda ko yatsa ɗaya zai iya rinjayarsa. Duk sanda hannun ya ɗan yi ƙarfi, sai ka zo ka canza da wanda ya fi shi tauri, ba tare da ka gaya mini ba. Ina ta mita cewa injinka ya tsufa, kana ta ba ni haƙuri.

Kuma lallai ya tsufa. Sandar ta sha hannu tun kafin ta zo gare mu. Wani lokaci ta yi sako-sako, wani lokaci ta yi ƙara sai ka goge tsohon giris ka shafa sabo. Akwai ranar da na tura dama jirgin ya ƙi tafiya. Gabana ya yanke ya faɗi, na ɗauka ciwon ne ya dawo. Ka zo ka nuna mini ƙananan makunnai huɗu da ke ƙarƙashinta, ɗaya ga kowace kusurwa, ka danna na dama, bai yi ƙas ɗin da 'yan uwansa suke yi ba. Ka canza shi, muka yi dariya. Tun daga ranar na sa a raina cewa in abu ya ƙi, injin ne.

Ranar da nake so in faɗa, wata Asabar ce bayan la'asar. Kana zaune kana shan ruwa, ina wasa, sai jirgin ya fara zamewa hagu. Na tura dama, ya ƙi. Na sake turawa, ya tafi ya daki dutse.

Na ce, “Yaya, makunninka ya sake mutuwa.”

Ka taso ka kama sandar. Hagu, dama, sama, ƙasa, jirgin yana bin hannunka kamar an ɗaure su tare. Na ce ai haka yake yi, ya kama ya saki. Ba ka yi musu ba. Ka ɗaga murfin da sauri, ka danna makunnan ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya amsa. Ka ja wayoyin, babu wadda ta motsa. Ina kallon ƙeyarka, ina jira ka ce ga ta nan. Ban taɓa roƙon Allah Ya sa wani abu ya lalace ba sai ranar.

Ka juyo. Ba injin kake kallo ba, bakina kake kallo.

“Auta, ɗaga hannuwanka biyu.”

Na ɗaga. Na daman ya fara sauka da kansa, ina ji ina gani.

Na ce gajiya ce. Na ce sifirin ɗin da ka sa ya yi tauri da yawa. Ina magana ina jin harshena yana nauyi, kalmomin suna fitowa a tauye. Matata ta fito daga kicin ta tsaya a bakin ƙofa, ta kasa shigowa. Na riƙe gefen akwatin da hannun hagu na ce ba inda za ni, asibitin nan na gaji da shi, ka sake dubawa.

Ka ce, “Wallahi na so a ce sandar ce. Ba ta da laifi. Tashi.”

Ban tashi ba, kai ka ɗauke ni, da shekarunka da ciwon bayanka. Motarka ta ƙi tashi, ka bar ta a buɗe ka buga ƙofar maƙwabci, ya ɗauke mu a tasa. A hanya muka tarar da cunkoso. Ka fita da ƙafa kana roƙon direbobi su matsa, ka dawo ka tallafe kaina kana tambayata sunayen 'ya'yana don kada in yi shiru. Na faɗi na fari, na biyun ya ɓace mini. Ka ci gaba da tambayata har muka isa asibiti.

Likita ta ce da mun ƙara jinkiri, da wata maganar ake yi. Kai kuwa ba ka taɓa tayar da zancen ba. Da aka sallame ni na tarar ka mayar da sifirin mafi laushi, muka koma farko. A bara na koma kan keken ɗinkina.

Da aka kwantar da kai, na je duba ka kwana ɗaya kafin rasuwarka. Numfashi yana yi maka wuya, an hana ka yawan magana. Ka miƙo mini hannu ka ce, “Matsa.” Na matsa a hankali, ina tsoron in ji maka ciwo. Ka harare ni. Na matsa da duk ƙarfina. Ka lumshe ido ka ce, “To, yanzu ka warke.” Ita ce magana ta ƙarshe da ta shiga tsakaninmu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka, wadda ta yi haƙuri da mijin da rabin lokacinsa yana gidan ƙaninsa, da 'ya'yanka da jikokinka, da yayarmu da yanzu saura ni da ita. Allah Ya ba mu juriyar wannan rashi.

Ya Allah, Ka jiƙan Yaya, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ya ɗauke ni ranar da na kasa tashi. Ya Ubangiji, Ka ɗauke shi da rahamarKa ranar da babu mai ɗaukar wani. Amin.