Ƙusar Baba Sammako

Sunan babanmu na gaskiya ya ɓace tun kafin a haife ni. Kowa Sammako yake ce masa, har Mama in ranta ya ɓaci, domin a kamfanin takalman roba da yake aiki, maigadi bai taɓa buɗe ƙofa da safe bai tarar da shi a tsaye ba. Yana saurayi ya shiga da tsintsiya, daga shara ya koma ɗaukar buhunan roba, har aka damƙa masa injin da ke fitar da tafin takalmi. A kan injin nan ya yi aure, a kansa ya haife mu, a kansa ya yi furfura. Kunnensa na hagu ma ƙarar injin ce ta cinye shi, shi ya sa duk mai son magana da shi sai ya zagayo ta dama.

A ɗakin da ma'aikata ke sauya kaya akwai wani dogon katako a bango, an jera masa ƙusoshi, kowa da tasa. Ta Baba ce ta bakin taga, ta ɗan lanƙwashe. Da safe ka rataye rigarka ta gida, ka sa tsohuwar da ka zo da ita a leda. A zamanin da, ba a kiran mutum ofis a ce an sallame shi. In ka yi fashi, ko ciwo ne ko rasuwa, ka dawo ka ga rigar wani a ƙusarka, to ka gane, sai ka juya salin alin. Haka aka yi wa Dogo, aminin Baba. Zazzaɓi ya kwantar da shi, ya dawo yana tangaɗi, ya tarar da rigar wani. A gaban idon Baba aka yi haka. Tun daga ranar ya rantse ƙusarsa ba za ta wuni babu rigarsa ba.

Ya kuwa cika rantsuwa, mu muka sha wuyarta. Ranar da aka haifi autarmu sai da aka tashi aiki ya je asibiti. Ranar aurena da yamma liƙis ya iso, yana warin roba. Wallahi na daɗe ina jin haushin ƙusar nan kamar mutum ce.

To, sai zamani ya juya. Ƙungiyar ƙwadago ta kafu a kamfanin, jami'an gwamnati masu duba wuraren aiki suka fara leƙowa, aka tara ma'aikata aka karanta musu abin da doka ta ba su. A ciki har da hutun shekara, albashi yana tafiya, gurbinka yana jiranka. Aka ce da wanda ya fi kowa daɗewa za a fara. Wa ke nan in ba Sammako ba?

Kai, ranar gidanmu ya rikice! Mama ta yar da tsintsiya ta hau taka rawa a tsakar gida, tana cewa yau za ta ga mijinta da hasken rana. Auta ta kira ni a waya tana ihu har ban ji abin da take faɗa ba. Na kwashi yarana na taho, muka zauna muna raba hutun tun bai fara ba: zai gyara ƙofar ɗaki da ke kuka, zai je asibiti a duba kunnen, zai kai ziyara wurin yayarsa, zai yi barci har rana ta take. Murna ta hana mu lura da cewa mai hutun yana gefe, yana ta murza hularsa.

Safiyar farko ya yi wanka ya sa kaya, wai zai sayo ƙarfen ƙofa. Bai dawo ba sai lokacin tashi daga aiki, kuma babu ƙarfen. Kashegari wai aski. Mutumin da gashin kansa bai kai a ƙirga ba! Sai da mijina ya bi ta titin kamfanin ya hango shi a bencin mai shayi, daura da ƙofa, ya zuba wa ginin ido. Ashe gadin ƙusarsa yake yi daga nesa. Muka yi dariya har da riƙe ciki, Mama tana cewa an ba shi hutu ya ɗauki aikin maigadi kyauta.

Dariyar ba ta yi nisa ba. Wata rana da hantsi ya dawo yana jan ƙafa, ya zauna a bakin ƙofa ko takalmi bai cire ba. Na zagayo ta damansa na durƙusa.

"Uwata," ya ce, "an rataya."

Ashe roƙon maigadi ya yi ya bar shi ya leƙa ta taga, sai ya ga riga shuɗiya, sabuwa fil, a ƙusarsa. Ya ce da ma ya sani, hutun nan hanya ce ta lallaɓa tsofaffi a fitar da su. Ban taɓa ganin hawaye a idon Baba ba sai ranar. Na fizgi mayafina na ce ya tashi mu je kamfanin. Ya ce in rufa masa asiri, kada in je in yi musu fitsara. Na ce ai asirin nan doka ta riga ta rufa, ni tambaya kawai zan yi, da ƙarfi.

Shugabar ƙungiyar wata mata ce daga sashen ɗaure kaya, Lasifika suke ce mata saboda muryarta har injuna tana dannewa. Ta saurare ni na zazzage duk abin da ke cikina, sannan ta ce babu mai taɓa gurbin wanda ke hutu, injinsa ma riƙon ƙwarya aka ba wani, kuma in an kuskura a yau za a ji ta har ofishin gwamnati. Ta sa mu a gaba sai ɗakin sauya kaya, ma'aikata suna binmu da kallo.

Muna shiga na ja na tsaya. Duk ma'aikacin da ya gifta mu shuɗiyar riga ce a jikinsa, sai yanzu na lura. Lasifika ta miƙa hannu ta sauko da wadda ke ƙusar bakin taga, ta warware ta. Rigar aiki ce mai kauri, da safar hannu a aljihu, da abin toshe kunne a rataye a wuyanta. A ƙirjinta an ɗinka Sammako da farin zare. Ta matso ta daman Baba ta ce dokar da ta ba shi hutu ita ce ta wajabta wa kamfani raba kayan kariya, an raba yana gida, shi ne aka ajiye masa nasa a wurinsa.

Ni tsalle na yi, ba zan ɓoye ba, na rungume Lasifika. Masu leƙe a bakin ƙofa suka hau tafi suna tsokanarsa, wai ango ya zo ganin kayansa. Baba ya sa rigar, ta zauna masa cif. Ya juya abin toshe kunnen a hannunsa, ya shafa kunnensa na hagu, ya ce a hankali, "Allah sarki Dogo."

Na ɗauka injinsa zai nufa, domin ga ƙararsa muna ji ta bango. Sai ya cire rigar, ya kakkaɓe ta, ya mayar da ita kan ƙusar da hannunsa. Ya gyara hularsa ya dube ni.

"Mu je gida, Uwata. Hutu nake yi."

Muka fita ta babbar ƙofa rana tsaka, injuna suna ta aiki a bayanmu. Har muka sha kwana ina satar kallonsa, bai waiga ba.